Bijimin Gimbiya Ya Fi Ƙofa

A unguwar mahauta ta Talata Mafara, in baƙo ya ce a nuna masa abin mamaki, ba sai an kai shi madatsar Bakolori ba, gidan Mu'awiya mahauci ya isa. Gida ne da nama yake shiga ta zaure kullum da la'asar, ya fita ta kan katanga kafin magariba, bai ko gaisa da tukunya ba. Mai wannan aiki kuwa matar gidan ce, Gimbiya.

Mu'awiya zai dawo daga kwata da ƙullin leda, tsoka uku ko huɗu da ɗan tumbi, rabon gida irin wanda kowane mahauci yake kai wa iyalinsa. Gimbiya za ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har da rusunawa. Yana juya baya ya nufi masallaci, sai ta taka turmi ta miƙa wa maƙwabciya ledar, ta karɓi kuɗinta ta soke a bakin zane. Abin da yake shiga miya ƙashi ne, shi ma ƙashin sai ya yi kwana uku yana aiki kafin a sallame shi. Mu'awiya ya san komai. Yakan ɗan yi ƙorafi in ya tsoma hannu cikin miyar kuka ya laluba bai ci karo da kowa ba, amma ƙorafin ba ya nisa, domin tun a kasuwa yake cika cikinsa da balangu kafin ya taho.

Matan unguwa suna cewa rowa ce. Sun faɗa a gidan suna, sun faɗa a gidan biki, sun faɗa a layin injin markaɗe, kuma da bakin da suke cin naman nata mai araha suke faɗa. Gimbiya tana ji, ba ta taɓa tankawa ba. Ba don haƙuri ba, ba ta da shi ko na sisi. Ta dai lura cewa in ta yi faɗa yunwa take ji da wuri.

Ita ba 'yar gari ba ce. A wata 'yar ruga aka haife ta can bayan Maradun, gidan Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya har suna noman gero kamar kowa, Hausa a bakinsu, Fillanci sai in za a yi gulmar baƙo. Cikin shanu ta tashi. Tun tana yarinya in ta dubi ƙafafun maraƙi da faɗin ƙirjinsa takan faɗi irin bijimin da zai zama, kuma ba ta cika yin kuskure ba. Abu ɗaya ne ba a koya mata a rugar ba, wato sha'anin ƙofa. Garken mahaifinta da ƙaya aka kewaye shi, da safe a ja reshe gefe shanu su fita, kome girman saniya hanya ta ishe ta.

Mu'awiya ya je rugar ne sayen wata tsohuwar saniya. Mahaifinta ya faɗi kuɗi, shi kuwa ya zaro ya biya ba ciniki. Gimbiya tana leƙe ta bayan rumbu ta ce a ranta ga mutum mai sakin hannu, da ya fara zuwa zance kuwa ba ta ja masa rai ba. Sai da aka kawo ta Mafara ta gane ashe ran nan zafin rana ne ya dame shi, yana sauri ya koma inuwa. Shekara ashirin ke nan, bai sake ba da komai ba ciniki ba, har kuɗin cefane.

Cikin waɗannan shekaru mahaifinta ya rasu. Shanun da ya bari mutanen daji suka kore su da rana tsaka, a yini ɗaya, 'yan'uwanta maza suka watse neman abinci Kudu. Rugar ta rage sai tsofaffi da waɗanda ba su da wurin zuwa, cikinsu har da mahaifiyarta, Inna Nagode, da awakinta biyu. Wata rana Gimbiya ta yi ƙarfin hali ta je duba ta. Bayan azahar tsohuwar ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta, sai Gimbiya ta ga takalman roba a ƙafafunta, an ɗaure su tam da tsumma. Ta kai hannu za ta kwance, Inna ta zabura ta miƙe tsaye tana waige-waige. Da ta ga 'yarta ce sai ta yi dariya.

"Don kunama na, ɗiyata. Kunamu sun yi yawa bana."

Gimbiya ta san babu wata kunama. Duk rugar haka suke barci, babba da yaro, don da an ji ƙarar babura a auka cikin gero. Ta dawo Mafara zuciyarta tana ƙuna, ta kasa cin tuwo kwana biyu, abin da Mu'awiya ya ɗauka sabuwar dabarar tattali ce.

Ta same shi a tsakar gida yana zaune da wansa Jafaru, wanda suka gaji gidan tare, ta durƙusa ta roƙi a bar ta ta ɗauko Inna. Mu'awiya ya dubi gidan kamar yau ya fara ganinsa. Ɗakunan uku ne, biyu na Jafaru da iyalinsa, ɗaya nasu, wanda aka ƙara lokacin aurenta, bayansa na kallon lungu.

"Ina za ni aje ta, bisa kaina? In kin iya gina mata ɗaki, ga hili nan kusurwa, bismillah."

Ya faɗa ne yana dariya, Jafaru ma yana taya shi. Gimbiya ta juya wajen Jafaru ta ce, "Yaya, ka dai ji abin da yac ce." Jafaru ya ce ya ji, yana share hawayen dariya. Da sun san wadda suke yi wa dariya da sun rage.

Washegari da safe ta ɗauko duwatsu huɗu ta jera a kusurwar, ɗaya a kowane gefe, ta ja layi da ƙafa tsakaninsu, ta bar wurin ƙofa yana kallon gabas. Ta share cikin tas ta yayyafa ruwa. Daga ranar ɗakin Inna ya tabbata, sai dai ba bango ba rufi. Kullum sai ta share shi kafin ta share nata. Wanda duk ya tsallaka layin sai ta mai da shi baya ya zagayo ta ƙofa, ta tambaye shi ko a gidansu ta cikin bango ake shiga ɗaki. Matan unguwa suka samu abin yi, in sun shigo sai su tsaya bakin duwatsun su yi sallama, su tambayi lafiyar mai ɗakin. Gimbiya takan amsa musu da cewa tana nan tafe.

Daga nan tattali ya fara, kuma ba nama kaɗai ya shafa ba. Magi ɗaya ya koma na miya biyu. Sabulu ta yanka shi da zare gida huɗu, ta ɓoye uku. Ashana kuwa ta daina saye gaba ɗaya, 'yarta Khadija ce take zagawa maƙwabta da kasko neman garwashi, har aka san tafiyarta. Sukari ya yi ban kwana da koko. Da yara suka tambayi ina ya tafi, ta ce ya riga su zuwa ɗakin Inna.

Da farko asusun katako ta saya. Ta yi shekara tana cusa masa abin da ta samu, tana jijjiga shi ta ji daɗi. Amma duk lokacin da ta aika a tambayo mata kuɗin bulo da kwano, sai a dawo da labarin sun ƙara gaba, kamar an gaya musu tana biye da su. Ana cikin haka aka zo da canjin kuɗi, aka ce tsofaffin takardu sun kusa zama ganye. Gimbiya ta fasa asusun da taɓarya, ta dubi abin da ke ciki, ta yanke shawarar da kakanninta suka yanke tun kafin a ƙirƙiro banki. Ta ce ita ta gama da ajiyar da ba ta cin ciyawa.

Ta haɗa da 'yan kunnenta na aure da rabin kwanonin jerenta, ta aika aka kira mata Sambo, dillali a kara. Ranar Talata ta sa mayafi ta bi shi har kasuwar shanu, ta wuce manya-manyan da ake ta yabo, ta tsaya gaban wani ɗan maraƙi fari, ramamme, mai dogayen ƙafafu, wanda ko mai shi kunyar nuna shi yake yi. Sambo ya yi mata nasiha don Allah, ta ce shi take so. Ba zancen kai shi ruga kiwo, kowa ya san wa zai ci. Don haka gida aka nufa da shi. Ya shiga ta ƙofar zaure da tsalle, har da sauran wuri gefe da gefe, aka kafa masa turke kusa da duwatsu huɗu.

Watanni kaɗan bayan haka aka cire tallafin fetur, komai ya tashi. Masu sayen nama kilo suka koma sayen tsoka, masu sayen tsoka suka koma gaishe da mahauta kawai su wuce. Mu'awiya ya rage kuɗin cefane, ya yi dogon bayani kan halin da ƙasa take ciki, bayanin da ya fi kuɗin yawa. Bai rage balangu ba, don a ganinsa wannan ba cefane ba ne, kayan aiki ne.

Nan ne mutane suka zuba ido su ga Gimbiya ta sare. Ita kuwa ta duba gidan ta ga har yanzu akwai abin yankewa. Tuwon rana ya koma ɗumame. Man gyaɗa ya koma na ranar Juma'a. Maraƙin kaɗai ne bai san an shiga wani hali ba, dusarsa da kanwarsa ba su taɓa yankewa ba, shi yake fara karyawa kafin maigida. Yaran unguwa suka sa masa suna Alhaji, sunan ya bi shi, har Jafaru in ya fito yakan ce a gaida Alhaji. Lokacin girbin shinkafa Gimbiya takan bi mota zuwa Bakura ta yini tana sheƙa a gonakin mutane. Sauran mata a biya su da shinkafa, ita ta ce a ba ta rabi shinkafa, rabi dusa da ƙaiƙayi da bambaro. Takan dawo fari fat da ƙura, idanu jajur, ta sauke wa Alhaji kaya tukuna ta nemi ruwan sha.

Kada a ce ba ta taɓa gajiya ba. Ta gaji. Akwai wata ƙaramar Salla da duk matan gidan Jafaru suka fito da sabuwar atamfa iri ɗaya, ita da Khadija suka maimaita ta bara wadda ita ma maimaici ce. Khadija, budurwa mai shekara goma sha bakwai, ba ta ce uffan ba, ta dai ƙi fita yawon Salla ta ce kanta ke ciwo. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurin Gimbiya. Ta shiga bayan madafa ta yi kuka sosai, ta share ido ta ɗauki waya da niyyar kiran Sambo ya zo ya ɗauki abinsa. Sai ta ce bari ta fara yi wa Inna barka da Salla. Aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina maigidan, ya ruwa, ya ibada, Inna tana ta cewa lahiya lau. Gimbiya ta tambaye ta labarin kunamu. Tsohuwar ta ce suna nan, shekaranjiya ma sun zagayo, amma Allah ya tsare. Gimbiya ta ajiye wayar ta ɗauki tsintsiya ta sake share tsakanin duwatsun, ko da yake ta share da safe.

Tun daga ranar ta samo wa kanta magani. In ƙamshin suyar maƙwabta ya shigo ya tsaya mata a maƙogwaro, sai ta je ta dafa tozon Alhaji ta ce wannan kwanon rufi ne. Ta shafa cinyarsa ta ce ga bulo. Ta kama wuyansa ta ce ga ƙyaure da taga. Kafin ta gama zagaye shi kwaɗayin ya wuce. Alhaji kuwa bai ba ta kunya ba. Cikin shekara biyu da 'yan watanni ya zama abin kallo, tozo ya kwanta gefe don nauyi, ƙahoni suka buɗe kowanne ya kama gabansa, in ya yi numfashi sai kaji su watse. Yana ƙiba tana ramewa, har awarwaronta ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu.

Gab da damina labari ya zo cewa mutanen rugar sun fara kwashe kayansu, don an aiko musu da saƙon da ba a maimaita shi. Inna ta ce ita ba ta zuwa ta zama nauyi a ɗakin suruki, gara ta zauna inda take. Gimbiya ta san halin uwarta, in ba ɗaki ba ko da igiya ba ta tahowa. Ta kira Sambo ta ce lokaci ya yi.

Sambo ya zo ranar Talata da wani falke mai loda shanu a tirela zuwa Kudu. Mutumin ya zagaya Alhaji sau biyu, ya faɗi kuɗin da ya sa Sambo ya cire hula ya mayar. Gimbiya ta auna a ranta ta ga ɗaki har da ƙyauren ƙarfe, ta ce ta sallama. Falken ya ce sharaɗi ɗaya ne, bijimin ya isa kara da ƙafafunsa kafin la'asar, don motar ba ta kwana. Aka kwance igiya, Alhaji ya taho yana rangaji, ya iso ƙofar zaure ya tsaya.

Ƙahonin ne suka fara ƙi. Aka karkata kansa, aka shigar da ɗaya, aka murɗa aka shigar da ɗayan, jama'a suka yi kabbara. Sai kafaɗu suka ce ba su san zancen ba. Aka ja ta gaba, aka tura ta baya, Alhaji ya cika ƙofar tam, ko iska ba ta wucewa. Da ƙyar aka mai da shi ciki. Kafin wannan lokaci unguwa ta cika, har da masu hawa katanga, kuma kowa ya zama masani. Wani ya ce a shafe shi da man ja. Wata ta ce a hana shi abinci mako biyu, Gimbiya ai ta iya wannan. Wani dattijo ya ce a kwantar da shi a ja shi ta gefe, aka tambaye shi wa zai kwantar, ya ce shi shawara kawai ya bayar. Gimbiya tana tsaye riƙe da igiya, kunya da takaici sun rufe ta. Ita da take duban maraƙi ta faɗi girman da zai yi, ba ta taɓa duban ƙofar da take wucewa kullum ba.

Sai ga Mu'awiya ya shigo da abokan sana'arsa biyu, wuƙaƙensu a ɗamare, kamar waɗanda suka san da zancen. Ya yi gyaran murya, ya ce abin ba na tashin hankali ba ne.

"Mu mahauta ba ruwanmu da ƙohwa. A kada shi nan ciki, mu hid da shi cinya-cinya. Sai dai kin san kuɗɗin nama ba su kai na tsaye ba."

Ya faɗi abin da za su biya. Bango zai tashi da shi, amma ba rufi, ga damina a bakin ƙofa. Gimbiya ta dube shi ta tambaye shi tun yaushe ya san bijimin ba zai fita ba. Mu'awiya ya sosa ƙeya ya ce tun Sallar Layyar bara ya lura, amma ya ga ba a tambaye shi ba. Wannan maganar ta fi ƙofar yi mata ciwo. Kusan shekara guda mijinta yana wucewa ta gaban turken nan safe da yamma, yana kallon tana ba Alhaji abincin bakinta, shi kuwa yana lissafin cinya.

Sambo, da ya ga la'adarsa tana shirin shiga tukunyar mahauta, ya ce a fasa gefen zauren mana, ko a buɗe katanga, in ya so a gyara. Jafaru ya yi tsalle ya dire. Ya ce zauren nan da katangar nan mahaifinsu ya gina su da hannunsa, ba mai taɓa ko ɓarɓashinsu yana raye. Katangar da ta tsage tun bara bai ɗaga ido ya dube ta ba, yau ta zama kayan tarihi. Don ya rufe zancen ya nuna Gimbiya da yatsa.

"Ke, ɗakinki kaɗai an naki cikin gidan ga. Shi kike da iko da shi, ki yi yadda kika so."

'Yan gidan nan ba sa koyon darasi. Gimbiya ta juya ta dubi ɗakin nata, ta dubi lungun da ke bayansa, sannan ta dubi jama'a ta ce, "Kun dai ji abin da Yaya yac ce." Aka ce an ji, wasu har suna dariya. Ta ce wa Khadija ta fara fito da kaya, ta ce wa Sambo ya samo mata diga.

Ba a ɗauki lokaci ba, don kayan ba su da yawa, tattali ya riga ya yi rabin aikin kwasa. Aka fito da gado, da akwati, da sauran kwanonin jere. Gimbiya ta ɗaure zane, ta yi bismillah, ta kai wa gefen ƙofar ɗakinta sara na farko. Mu'awiya ya buɗe baki, ya dubi wansa, wansa ya dubi sama. Matan nan masu cewa rowa ce su ne suka fara zubar da mayafi suna kwashe ƙasa da kwanoni, ba wanda ya roƙe su. Sambo ya tokare rufin da azara biyu, ya karɓi digar ya fasa bangon baya. Kafin la'asar hasken lungu ya shigo har tsakar gida. Alhaji ya taka cikin ƙasaita ya shiga ɗakin auren Gimbiya, ya tsaya daidai inda gado yake, ya sauke kashi mai yawa, sannan ya fita lungu ya nufi kara. Gimbiya ba ta bi shi da kallo ba. Ta zauna kan turmi, ta sa Khadija ta kawo mata ruwa, sai a lokacin ta ji tana kewarsa.

Mu'awiya ya kwana da tabbacin cewa kuɗin Alhaji za su fara gyara ɗakin da aka rusa, ai hankali ma ya ba da haka. Da safe ya ga magina sun wuce kangon ko kallonsa ba su yi ba, sun nufi duwatsu huɗu suna awo. Ya kai ƙara wurin limamin unguwa. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi wa ya ce ta gina, aka ce shi. Wa ya ce ta yi yadda ta so da ɗakinta, aka ce wansa. Liman ya ce to, gina wa suruka ɗaki ba dolensa ba ne, wannan gaskiya ne, kuma ga shi an hutar da shi. Amma wurin kwanan matarsa, wannan a wuyansa yake, sai ya fara shiri. Tun daga ranar Mu'awiya yake shimfiɗa tabarma a zauren mahaifinsu mai tarihi, tare da sauro. Ya bar balangu. An gan shi ya sayi asusun katako, kuma Gimbiya, da yake ba ta da mugunta, ta ba shi shawara ya fara da daina sayen ashana.

Mako uku aka yi ɗakin ya tashi, bulo da siminti, kwano sabo yana ƙyalli, ƙofa tana kallon gabas. Gimbiya ta sa magini ya faɗaɗa ƙofar fiye da ta kowa a gidan, bai tambayi dalili ba don yana cikin masu hawa katanga ran nan. Ranar da aka yi ruwan farko da safe, da hantsi a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu, aka sauko da Inna Nagode da tabarmarta da ƙullin kaya da awaki biyu. Ta gaisa da surukinta doguwar gaisuwa, ta yi masa godiya bisa wannan ɗawainiya, shi kuwa ya amsa da ba komai, ai yi wa kai ne. Ta shiga ɗakin ta dafa bango, ta ɗaga kai ta dubi rufi. Sannan ta kama hannun 'yarta, ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura.

"Ashe da wanga anka yi ginin," in ji ta.

Ran nan Gimbiya ba ta taka turmi ba. Ledar naman da Mu'awiya ya kawo tun da wuri ta juye ta duka cikin tukunya, ta jefa magi guda cur, Khadija tana kallonta kamar ta ga baƙuwa. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta jira, ta gaji ta sauka. Da miya ta nuna Gimbiya ta zuba a kwano ta nufi ɗakin, ta yi sallama a bakin ƙofa, ba a amsa ba. Inna ta yi sallar azahar ta kishingiɗa kan tabarma, barci ya ɗauke ta, takalman robar nan suna ƙafafunta ɗaure da tsumma.

Gimbiya ta ajiye kwanon a hankali. Ta durƙusa ta fara kwance tsumman, ƙullin ya yi tauri sai da ta sa haƙori. Ta zare ɗaya, ta tsaya tana jira tsohuwar ta zabura. Inna ta ja dogon numfashi ta juya ta fuskanci bango. Gimbiya ta zare ɗayan, ta fito da su ta ajiye a waje bakin ƙofa, inda kowa yake ajiye nasa, ta ja ƙyauren ta ce wa yara kada wanda ya yi hayaniya.